Seu Nicanor Ya 'Yanta Awakin Lagoa Torta

Duk wanda ya taɓa kwana a Lagoa Torta ya san muryar Seu Nicanor tun kafin ya ga fuskarsa. Shi ne mai shelar gari. Yana da wani tsohon keke da ya ɗaura wa lasifika a gaba da batir a baya, da shi yake zaga unguwanni yana sanar da wanda ya mutu, da wanda zai yi aure, da kantin da ya karya farashin wake. Aikin ya bi jikinsa har ta kai ko gishiri zai ce a miƙo masa a kan tebur sai maƙwabta sun ji. Ga cika baki. In ka ce ka ga maciji a gona, shi ya taɓa kashe uwar macijin. In ka ce ka je birni, shi ne ya nuna wa direbanku hanya shekarun baya.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba a rayuwarsa, shi ne kiwo. A garin da awaki suka fi mutane yawa, ko ɗan tsako Seu Nicanor bai taɓa ajiyewa ba.

Shekarar da fari ya matsa, gwamnatin jiha ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin da zai riƙa ba masu kiwo shawara kan kyautata wa dabbobinsu. Ciyaman Valdemar ya sa a kira taro. Seu Nicanor ya zaga gari ya yi shela har muryarsa ta dushe, amma ranar taron masu kiwo duk sun tafi neman ruwa. Da ciyaman ya shigo zauren, mutum ɗaya ya tarar, yana zaune gaban butar kofi da farantin kek ɗin masara, ya riga ya kai rabi.

"To, Seu Nicanor," in ji ciyaman, "tunda kai ka zo, kai ne kwamiti."

"Ka iya zaɓe, ranka ya daɗe," in ji Seu Nicanor yana share baki. "Ni dabba ko kallona ta yi na san damuwarta."

Aka tura shi birni taron bita. Zauren da aka zaunar da su yana da na'urar sanyaya ɗaki, shi kuwa mutumin da ya saba da ranar Lagoa Torta, sanyin na ratsa shi ya ji idanunsa sun yi nauyi. Wata likitar dabbobi mai suna Marilene ta miƙe ta fara bayani, shi kuma ya jingina da bango a layin baya ya tafi. Can cikin barci ya ji ta ɗaga murya tana cewa, "Kowace dabba tana bukatar 'yanci..." Ya buɗe ido ɗaya, ya gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin haka, ya koma. Sauran maganar ta wuce ta kansa. Bai sake farkawa ba sai da ƙamshin shinkafa da wake ya shigo zauren, daidai lokacin da likitar ke cewa za ta bi garuruwa ranakun kasuwa ta ga yadda ake riƙon dabbobi, kuma garin da ta ga ya cancanta gwamnati za ta gina masa rumfa da tankin ruwa da kwamin shayarwa a kasuwar dabbobi. Ta ƙara da cewa aikin 'yan kwamiti shawara ce kawai, ba su da ikon tilasta wa kowa. Wannan ma bai ji ba, yana layin abinci.

Ya dawo gida da wata koriyar riga marar hannu mai aljihuna da yawa, da hula mai baki. A tasha ya sayi usur ya rataya a wuya, don a ganinsa gwamnati mantawa ta yi. Ya tarar da matarsa Dona Zulmira tana turara dambun masara.

"Zulmira, tashi ki gaida hukuma."

Ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi. "Aikin share titi suka ba ka?"

"Ke dai ba ki san daraja ba. Daga yau duk wani mai ƙafa huɗu a ƙasar nan, da mai fukafuki, yana ƙarƙashina. Babban mai sa ido kan walwalar dabbobi ke nan a gabanki."

"Kai da ka hau kan tebur ranar da ƙadangare ya shigo ɗaki?"

"Duba rufin ɗaki na hau yi."

"Da ihu?"

"Ina kiran ki ki kawo tsani ne. Zuba min dambu, gobe da sassafe zan fara rangadi."

Rangadin ya fara daga gidan Dona Lindalva, maƙwabciyarsu, gwauruwa mai kaji da wata ƙatuwar alade da take kira Baronesa. Ya jingine keke, ya busa usur a ƙofar gida, kaji suka watse. Dona Lindalva ta fito da tsintsiya a hannu.

"Wa ya mutu, Seu Nicanor?"

"Babu wanda ya mutu. Gwamnati ce ta zo duba dabbobi."

"To ina gwamnatin?"

Ya bugi ƙirji. Ta dubi bayansa ko akwai wani, ba ta ga kowa ba, ta matsa ya wuce. A bayan gida ya tarar da Baronesa kwance cikin taɓo har wuya, idanunta a lumshe, tana gurnani a hankali. Seu Nicanor ya dafe kai.

"Dona Lindalva, ki ji tsoron Allah! Ke kin yi wanka kin shafa hoda, ita kin bar ta cikin ƙazanta?"

"Taɓon shi ne sanyinta. In ka raba ta da shi rana za ta gasa ta."

"Wannan tsohon tunani ne. A birni an daina. Ni da kaina na yi wa likitoci bayani, har suka tafa min. Ina ruwa?"

"Ruwan da ke cikin durom ɗin can na sha ne, motar tanki ba ta dawowa sai wani mako. Kada ka taɓa min."

Tana juyawa ta kore kaji daga kicin, ya riga ya naɗe wando ya ɗebo bokiti. Ya zaro sabulu mai ƙamshi na Dona Zulmira daga aljihu, ya lallaɓa ya taso Baronesa, ya shiga cuɗa ta yana yi mata magana kamar jaririya. Da farko ta tsaya, don ƙaiƙayin bayanta yake sosa mata. Ya sheƙa bokiti na biyu, ya sheƙa na uku, kumfa ta tashi fari fat. Sai kumfar ta shiga mata ido.

Ƙarar da Baronesa ta yi har coci an ji. Ta juya ta nufi tsakanin ƙafafunsa, ya buɗe su don ta wuce, amma faɗinta ya fi ƙarfin ƙafafun. Sai ga babban mai sa ido a kan bayan alade, fuskarsa na kallon wutsiya, yana neman abin kamawa, ko'ina santsi. Ta bi da shi ta ƙarƙashin igiyar shanya, zanen gadon Dona Lindalva ya lulluɓe su. Ta kutsa akurkin kaji ta wannan gefe ta fita ta wancan, ƙwai na fashewa, gashin kaji na tashi. Daga nan ta yi kwana ta koma gidanta na asali, ta faɗa taɓo ragwab, ta mirgina. Ta kwanta ta lumshe ido. Shi ma yana kwance a gefenta.

Maƙwabta sun cika katanga. Wani ya ce, "Dona Lindalva, yaushe kika ƙaro na biyu?"

"Ban saya ba, gwamnati ce ta aiko min," in ji ta. Ta tsaya a kansa da tsintsiya. "Ruwana, ƙwaina, zanena. Me za ka ce?"

Ya tofar da taɓo ya gyara hula. "Gwaji na yi mata. Ta ci jarrabawa, ƙafafunta lafiya lau."

Washegari ya wanke riga ya fita bayan gari, inda amininsa Seu Tibúrcio yake da garken awaki. Shi ne ya riƙe wa Seu Tibúrcio ɗa ranar baftisma, don haka compadre suke kiran juna. Seu Tibúrcio mutum ne mai tsadar magana. A hanya ya gamu da shi yana dawowa daga rijiya, jakinsa ɗauke da jarkoki. Seu Nicanor ya busa usur ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, compadre. Kai da malafa a ka, shi jakin kansa a buɗe cikin wannan rana?"

"Haka aka haife shi."

"Kawo malafar."

Kafin Seu Tibúrcio ya yi magana ya cire masa malafar kaba, ya zaro 'yar wuƙa ya huda ta wuri biyu, ya zura kunnuwan jaki. Ya ja baya yana kallo. "Ka gani? Har fuskarsa ta sake." Jaki ya girgiza kai, malafa ta zamo kan hancinsa, ya lanƙwasa leɓe ya kama bakinta ya fara tauna a natse.

"Ta zuwa coci ce," in ji Seu Tibúrcio.

"Yunwa ke damunsa, ka ga shaida. Kuma tsakar rana ba a ɗora wa dabba kaya. Sauke."

"Wa zai kai ruwan?"

"Wannan ɗan ruwan? Ina saurayi na ɗauki ninkinsa na haye dutsen can ina fito."

"To bismilla," in ji Seu Tibúrcio, ya kwance jarkokin, ya rataya su a wata sanda, ya aza masa a kafaɗa.

Haka mutanen da ke zaune a ƙofar shagon kofi suka ga ayarin ya shigo gari. Seu Nicanor a gaba, ya ranƙwafa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa, harshe a waje. Seu Tibúrcio a baya yana tura masa keke. Jaki a tsakiya yana tafiya cikin ƙasaita da ragowar malafa a baki.

"Seu Tibúrcio, sabon jakin nan nawa ka saya?"

"Ba ya da ƙarfi, amma yana da murya," in ji Seu Tibúrcio, bai ko juyo ba.

Da suka isa garke Seu Nicanor ya zube a gindin bishiya yana haki. A aljihunsa akwai curin mazarƙwaila da soyayyiyar masara da Dona Zulmira ta ƙulla masa. Yana cikin hutawa sai wata akuya ta matso ta sa hanci a ƙirjinsa. Wata ta biyo. Kafin ya ankara garken duk ya kewaye shi, har da bunsurun gidan, wani jibgege mai gemu da ake kira Kanar. Ya miƙe ya yi taku, suka bi shi. Ya juya hagu, suka juya. Ya tsaya, suka tsaya suna kallonsa.

Ya juyo wurin Seu Tibúrcio. "Compadre! Ka ga abin da nake gani? Sun gane ni. Sun san wanda ya zo ƙwato musu haƙƙi."

"Me ke cikin aljihunka?"

"Hassada ce ke damunka. Shekara nawa kana kiwonsu, sun taɓa bin ka haka ba sanda?"

A kan hanyar komawa gida ne dabarar ta faɗo masa, har ya kusa faɗawa rami. 'Yanci likita ta ce. To mene ne kishiyar 'yanci in ba igiya ba? In ta shigo kasuwa ta ga dabbobi a ɗaure kamar fursunoni, rumfa da tanki sun tafi wani gari. Amma in ta tarar da su a sake, ba igiya ba keji, suna tafe a layi bayan jagoransu, ai ko gwamna sai ya ji labari. Har ya hango hotonsa a bangon ofis.

Ya garzaya wurin ciyaman. Ciyaman Valdemar ya saurara yana sosa ƙeya.

"Ka tabbata haka ta ce?"

"Da kunnena. A layin gaba na zauna. Bayan taro ma ta ja ni gefe ta nemi shawarata."

Zaɓe ya kusa, kuma tankin ruwa a kasuwa ba ƙaramin abin nunawa ba ne. Ciyaman ya ce a yi. Ya ce shi kuma zai kawo masu kiɗan akodiyan da ganga, ya kuma tanadi rokokin biki irin waɗanda ake harbawa sama in babban baƙo ya zo.

Da yamma lasifika ta karaɗe gari. "Sanarwa daga hukuma! Ranar kasuwa, da zarar motar likita ta shigo kuka ji usur, kowa ya kwance dabbarsa, kowa ya buɗe kejinsa! Wanda aka ga igiya a wuyan dabbarsa, shi ya hana gari ruwa, kuma zan faɗi sunansa da wannan lasifikar!"

Mutane suka yi ta gunaguni. Wasu suka ce hauka ne. Amma kowa ya san yadda dabbobi ke galabaita a kasuwar nan, ba inuwa ba ɗigon ruwa, har wasu su faɗi kafin a saye su. Kuma babu mai son a ce shi ya jawo aka rasa tanki.

"Nicanor," in ji Dona Zulmira da ta ga yana ɗinka wani ɗan buhu a cikin rigarsa, "wannan masarar ta mece ce?"

"Kyauta ce zan raba musu bayan fareti."

"Ka ce min sonka suke yi."

"So ma yana bukatar ɗan taimako."

Ranar kasuwa dandalin gaban coci ya cika tun hantsi. Masu garin rogo sun jera buhuna, masu tukwanen ƙasa sun shimfiɗa kayansu, masu busasshen nama sun rataye shi a ƙarƙashin tamfol. A ɗaya gefen awaki da tumaki da aladu da 'yan maruƙa, ga kaji da talotalo cikin keji. Dona Lindalva ta kawo Baronesa. Seu Tibúrcio ya kawo garkensa, Kanar na ta jan igiya. Seu Nicanor yana tsakiyar fili a kan keke, aljihunansa sun kumbura da masara da mazarƙwaila, ya ɗaure makirufo a wuyan riga don hannayensa su samu damar ɗaga wa jama'a.

Farar mota ta shigo a hankali. Ya cika kumatu ya busa usur.

Aka kwance igiyoyi, aka buɗe kejuna. Abin mamaki, babu abin da ya faru. Dabbobin suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Wata tunkiya ta yi hamma. Seu Nicanor ya ji ƙwalla ta cika masa ido.

"Jama'ar Lagoa Torta!" lasifika ta amsa. "Ku dubi abin da ilimi ke yi! Yau ni, Nicanor, na kawo wa..."

A nan ne ciyaman ya ba da alama, aka kunna roka. Ta tashi fiii, ta fashe a sama, ta biyu ta biyo, masu akodiyan suka saki kiɗa.

Kasuwa ta hargitse. Tumaki suka yi gabas a dunƙule, suka tarar da bango, suka dawo yamma ta kan tukwanen ƙasa. Awaki suka haye buhunan garin rogo, farar ƙura ta turnuƙe har mai sayar da garin ya fito kamar fatalwa yana zagi. Wani ɗan maraƙi ya shiga ƙarƙashin tamfol ɗin masu nama ya fita da shi a ka, busasshen nama na reto a gefe, karnukan gari na biye. Baronesa ta bi ta tsakanin masu kiɗa, mai ganga ya zauna cikin gangarsa. Fada Anselmo, limamin cocin, ya fito ƙofar coci ya ɗaga hannu zai kwantar da hankali, wata talotalo ta sauka a kafaɗarsa, ya juya ya rufe ƙofa.

"A natsu! A natsu!" Seu Nicanor yana ihu yana busa usur. "Ku biyo ni! Layi ɗaya!"

Ya taka keke don ya nuna musu hanya. Ƙusar kan keken ta kama ɗan buhun da ke cikin rigarsa ta yage shi, masara ta fara zuba a bayansa shar. Wata akuya ta gani. Kaji suka gani. Cikin ƙiftawar ido duk wata dabba da ke dandalin ta manta da roka ta juyo kansa.

Ya waiga ya ga abin da ke tafe, ya ƙara wuta. Ya zaga dandali, suna biye. Ya sake zagawa, sun ƙaru. Makirufo kuwa na nan a wuyansa a kunne, don haka har waɗanda ke gonaki suna jin komai.

"Ya isa haka! Fareti ya ƙare! Ku koma! Wayyo Maryamu! Compadre, kira su! Tibúrcio, kira 'yan iskan nan naka!"

"Ai sun gane ka," Seu Tibúrcio ya amsa daga kan katangar da ya hau.

Kanar bai bi layi ba. Ya yanke ta tsakiyar fili, ya jira a kwana, ya sunkuyar da kai. Keke ya yi gefe ɗaya, Seu Nicanor ya yi ɗaya, amma wayar makirufo doguwa ce, ba ta tsinke ba. Ya tashi da rarrafe, abin da ya fi kusa da shi shi ne farar motar likita. Ya taka tayar, ya haye gaba, ya ɗare rufin. Ya manta cewa hawa sana'ar awaki ce. Kafin ya gyara zama uku sun riga sun iso. Ɗaya ta kama aljihun dama, ɗaya ta hagu. Kanar ya hau a ƙarshe, ya zaɓi aljihun baya na wando inda mazarƙwaila take, ya ja da ƙarfi. Ƙarar yagewar ma sai da lasifika ta watsa.

"Zulmira! Zulmira, zo da sanda! Zo da zane! Fara kawo zanen!"

Mutanen da ke bin dabbobinsu suka tsaya, wasu suka zauna a ƙasa don dariya. Da masara ta ƙare awaki suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi a tsugune a rufin mota, ya rufe bayansa da hula.

Ƙofar mota ta buɗe. Likita Marilene ta fito, ta dubi dandalin, ta dubi ciyaman da ke ƙoƙarin ɓuya bayan mai akodiyan, sannan ta ɗaga kai.

"Wane ne ya ce a saki dabbobin nan?"

Hannaye suka nuna rufin mota.

"Ke kika ce, Likita," in ji Seu Nicanor da 'yar ƙaramar murya, lasifika ta mayar da ita babba. "Kika ce kowace dabba tana bukatar 'yanci."

"Na ce 'yanci daga yunwa, da ƙishirwa, da ciwo, da tsoro. Ban ce a sake su a harba musu roka ba." Ta ƙura masa ido. "Tsaya. Ba kai ne mai minshari a layin baya ba? Wanda sai da na sa aka ƙara min ƙarar makirufo?"

"Layin gaba, ko?" in ji ciyaman, ya fito daga bayan mai kiɗa. "Har ta nemi shawararka?"

"Na nema," in ji likitar. "Na ce a tambaye shi ko zai fita waje ya ƙarasa barcinsa."

Ba ta tsaya ɓata lokaci ba. Ta naɗe hannun riga ta shiga cikin jama'a, aka yi ta kamo dabbobi, kowa na gane nasa ta tsagar kunne. Duk wadda aka kamo sai ta duba ido da kofato da baki. Ta ɗaure wa wata tunkiya ƙafa, ta sa aka kai waɗanda suka galabaita inuwar coci aka ba su ruwa a bokiti. Da aka natsu ta ce wa ciyaman, a gaban kowa, dabbobin Lagoa Torta ba su da laifi, masu su suna ƙoƙari duk da fari, amma kasuwar da ba inuwa ba ruwa azaba ce, kuma haka za ta faɗa in ta koma. Ta ƙara da cewa kwamiti ya samu mutanen da suka taɓa kiwo. Nan take aka tura Dona Lindalva da Seu Tibúrcio gaba. Ciyaman ya miƙa hannu a ba shi koriyar riga, aka ɗauko masa abin da awaki suka rage, wuya da maɓalli guda.

Duk wannan Seu Nicanor na kan mota. Sai ga Dona Zulmira ta ratso taro da mayafin tebur mai furanni a hannu. Ta jefa masa, ya ɗaura a ƙugu, ya zamo ƙasa yana ɗingishi.

"Likita," in ji Dona Zulmira, "ga saura ɗaya ba ki duba ba."

Likita Marilene ta danne dariya, ta zagaya shi, ta duba ƙujewar gwiwarsa da shatin haƙoran Kanar. "Wannan ya tsorata ƙwarai, kuma rana ta buge shi. A kai shi inuwa, a ba shi ruwa, a raba shi da hayaniya na ɗan lokaci."

Dona Zulmira ta sunkuya ta ɗauki wata igiya da aka yar a ƙasa, ta ɗaga ta sama. "A sake shi ko a ɗaure?"

Kasuwa gaba ɗaya ta amsa da murya ɗaya, "A ɗaure!"

Ba ta ɗaure shi ba, hannunsa ta kama ta ja shi, jama'a na darewa suna tafi da fito. Ya sunkuyar da kai har suka fita daga dandali suka shiga lungunsu. Da ya ga babu kowa, sai ya ɗago, ya waiga, ya gyara murya.

"Zulmira, faɗi gaskiya. Tun da aka kafa garin nan kin taɓa ganin mutum ɗaya ya tara taro irin wannan?"

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Riƙe mayafin da kyau, yana zamewa."